Idan kon ɗin lalle ya ƙi kamawa: gyaran da ke aiki da gyaran da ke barin tabo

Daren jajiberin Sallah ba a barci a gidan mai ƙunshi. Tun daga sallar isha'i tsakar gida ke cika da 'yan mata, kowace na jiran layi ya zo kanta, ita kuwa mai sana'ar ta duƙufa da 'yar leda mai tsini tsakanin yatsunta, tana zana fure bayan fure har a kira assalatu. Wannan leda da ake naɗewa kamar mazurari a ɗura kwaɓaɓɓen lalle a ciki, wadda masu sana'ar ke kira kon, ita ce ta sauya fasalin ƙunshi a biranen Arewa. A da ana dumbuza lalle ne a tafin hannu da ƙafa, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu cikin zunguru, a kwana da shi. Daga baya aka shiga yayin salatif, ana yanka shi a manna don fitar da zane. Yanzu kon ne ke mulki, kuma ya zo da nasa matsalolin: bakinsa ya toshe ana tsakiyar aiki, ko ya fashe ta gefe, ko lallen ya tsinke ya malale ya ɓata zane, ko kuma, wanda ya fi ɓata rai, a wanke hannu da safe a tarar launin bai kama ba.

Kusan dukkan waɗannan matsaloli suna da magani mai sauƙi da araha. Amma wannan ta ƙarshen, wato rashin kamawa, ita ce ƙofar da wani sinadari mai haɗari ya bi ya shiga sana'ar, kuma har yau mata da yawa ba su san sunansa ba ko da sun ga aikinsa a fatarsu.

Yadda lalle ke kama fata

Itacen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana ɗauke da wani sinadarin rini a ganyensa mai suna lawson. Idan aka daka busasshen ganyen aka kwaɓa, sinadarin yana fita a hankali ya shiga ruwan kwaɓin. Da zarar ya taɓa fata sai ya ratsa matattun ƙwayoyin halitta da ke saman fatar, ya haɗu da keratin, abin da aka gina farce da gashi da shi, haɗuwar da sabulu ba ya rabawa. Shi ya sa lalle ba ya wankuwa. Sai dai ya dusashe yayin da fatar ke sāɓa, cikin mako ɗaya zuwa uku. Shi ya sa kuma tafin hannu da tafin ƙafa suka fi ko'ina yin ja: saman fatar wurin ya fi kauri, don haka ya fi shan rini. Bayan hannu da damtse ba za su taɓa kamo su ba, kome gwanintar mai ƙunshi.

Akwai wani abu kuma da gaggawa ke sa a manta. Lalle na gaskiya idan aka kankare shi, launin da ke bayyana ruwan goro ne mai haske. Iska ce ke dafa shi, ya yi ta turuwa har kwana biyu zuwa uku kafin ya kai jansa na ƙarshe mai duhu. Mace da dama ta yanke wa mai ƙunshi hukunci da safiyar farko, alhali lallen bai gama aikinsa ba. Amaryar da ke son hannunta ya yi kyau ranar ɗaurin aure, kwana biyu kafin ranar ya kamata ta zauna gaban mai ƙunshi.

Toshewa, fashewa da malalewa

Toshewar bakin kon kusan kullum daga gari take. Lallen da aka daka a turmi ko aka niƙa a inji yana ɗauke da ƙananan jijiyoyin ganye da itace, wani lokaci har da yashi, kuma rariyar tuwo ba ta tare su. Ƙwararru kan tankaɗe garin da ƙyalle mai laushi, sa'an nan bayan an kwaɓa su sake tace kwaɓin ta cikin safar nailan ta mata, suna matsawa har ya fito sumul. Idan kuma bakin ya bushe ne ana cikin aiki, goge shi da ɗanyen tsumma ko zura siririyar allura ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa almakashi a ƙara yanke tsinin. Layin zai yi kauri, kuma ba a mayar da shi.

Fashewa kuwa daga naɗi ne da cikawa. Leda mai santsi da ɗan ƙarfi, irin ta naɗe kyauta, ta fi ledar kasuwa mai miƙewa. Ana liƙe gaɓar da salatif tun daga kusa da tsini har sama, a cika kon bai wuce kashi biyu cikin uku ba, a matse iskar da ta maƙale kafin a ninke bakin. Wannan iskar ce ke sa lalle ya yi tsartuwa a tsakiyar zane.

Kaurin kwaɓi yana bin yanayi, kuma a nan ne girke-girken da ake kwafowa daga bidiyon 'yan Indiya ko Turai ke yaudarar mai koyo a Kano ko Zinder. Sukari ake sa wa lalle don ya yi danƙo, layinsa ya ja ba tare da ya tsinke ba, ya kuma manne wa fata. A lokacin hunturu, iska na busar da zane cikin mintuna kaɗan, ya tsattsage ya zube kafin ya saki rininsa, don haka ana ƙara sukari. Da damina kuwa sukarin na jawo laima daga iska, zanen ya narke ya haɗe, don haka ana rage shi. Kwaɓin da ya yi ruwa ana gyara shi da ɗan tankaɗaɗɗen gari. Wanda ya yi tauri, da ɗigon ruwa kaɗan-kaɗan, har ya riƙa zuba daga cokali kamar zare.

Lallen da ya mutu a cikin leda

Babbar tambaya ita ce me ke sa launi ya ƙi fita. Wani lokaci laifin fata ne: man shafawa da basilin suna shiga tsakanin rini da fata, wanki da sabulu mai ƙarfi ko bilic na kankare launin da wuri, haka ma mayukan sauya launin fata. Wani lokaci kuma an cire lallen ne da wuri. Yana buƙatar awa huɗu zuwa takwas a jiki, cikin ɗumi, kuma an fi so a kankare shi a bushe a jinkirta taɓa ruwa gwargwadon hali. Dabarar iyaye ta yin ƙunshi bayan isha'i a kwana da shi tana da hujjarta.

Amma mafi yawan lokaci lallen ne da kansa ya mutu. Kwaɓaɓɓen lalle yana da ajali. Bayan an kwaɓa shi da ruwa ko ruwan lemun tsami, ana rufe shi a bar shi ya tsima na wasu awanni, har samansa ya yi duhu. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a goge bayan minti biyar, idan ya bar tabo ruwan goro mai haske, ya nuna. Daga wannan lokaci ƙarfinsa ke fara raguwa. A ɗaki mai sanyi yana iya kai 'yan kwanaki. A zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana nuna da wuri ya kuma mutu da wuri. Tafasasshen ruwa ma haka yake yi masa. Garin kansa idan ya daɗe a buɗe, rana da iska na dukansa a faranti a kasuwa, ya riga ya rasa rabin ransa kafin ya isa gida.

Masu sana'a kan ƙara wani mai mai ƙamshi don launin ya yi duhu, kamar man itacen turare, wato yukaliftus, ko man labanda, domin suna ɗauke da sinadaran da ke taimaka wa lawson ya narke ya shiga fata. Mahallabiya da aka saba da ita ma wannan aikin ake nema daga gare ta, sai dai kwalabenta da yawa ba sa ɗauke da bayanin abin da aka zuba a ciki. Man kanumfari yana ƙona fata mai laushi. Kananzir da fetur, waɗanda wasu ke ɗigawa a kwaɓi a wurare daban-daban, ba su da gurbi a jikin mutum ko kaɗan.

Hanya ɗaya ce tabbatacciya ta tsawaita ran kon: a daskarar da shi. A firiza yana yin watanni da ƙarfinsa. Idan za a yi aiki sai a fito da shi ya huce da kansa kamar rabin awa, a murza shi tsakanin tafuka don ruwan da ya ware ya koma. A nan ne matsalar kwalliya ke cin karo da matsalar ƙasa. Mai ƙunshin da ke unguwar da wuta ke zuwa awa uku a yini ba ta da firizar da za ta dogara da ita. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, duk wanda sana'arsa ke rataye a kan sanyi ya ɗanɗana. Abin da ya rage wa mai ƙunshi shi ne ta kwaɓa daidai na yini ɗaya, ta ajiye garinta a rufe ruf a wuri mai duhu. Wannan yana cin lokaci, kuma daren Sallah ba ya ba da lokaci.

Wannan bayani yana jefa alamar tambaya a kan kon ɗin kanti. Idan lalle na gaskiya yana mutuwa cikin kwanaki ba tare da sanyi ba, me ke cikin kon ɗin da aka ɗura a Indiya ko Pakistan, ya yi makonni a jirgin ruwa, ya yi watanni a kan kanta cikin zafin kasuwa, amma aka shafa shi ya yi ja cikin minti goma? Amsar ita ce rinin masana'anta da sinadaran hana lalacewa, ko da kwalin ya ce na asali ne zalla. Wasu ma ba sa rina fata, sai dai su bushe a kanta kamar jan farce a ɓare su, abin da ya sa masu kula da alwala ke tambaya a kansu, tunda malamai sun bambanta launin da ya shiga fata da abin da ya yi mata shamaki da ruwa.

Baƙin lalle

Babu itacen lalle da ke ba da baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle, ko dayis, rinin gashi ne, kuma ƙashin bayansa wani sinadari ne mai suna para-phenylenediamine, wanda aka fi sani da PPD. Ana kwaɓa shi, sau da yawa da ruwan haidurojin, a ɗura a kon a yi zane. Cikin ƙasa da awa guda ya yi baƙi ƙirin, a kowace irin fata, a kowane yanayi, ba ya buƙatar firiza, ba ya buƙatar tsimawa. Ta fuskar kasuwanci ya warware duk matsalolin da aka lissafa a sama. Mai ƙunshi za ta sallami mutum goma a lokacin da jan lalle zai ba ta uku, zanen kuma ya fito raɗau a hoton Instagram.

Farashin yana zuwa daga baya. PPD na cikin sinadaran da suka fi saurin sa garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin abokan gaba. A shekarar 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa wani abu ke jawowa ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara mai tayar da borin jini. Dokar Tarayyar Turai ta amince da shi a rinin gashi kawai, bai wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, ta kuma wajabta a rubuta gargaɗi a kwali cewa zanen baƙin lalle na iya ƙara haɗarin borin jini. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a ɗora shi a fata ba. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan baƙin lallen da ake amfani da shi a shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami PPD a dukkan samfuran baƙin da aka gwada, wani har kusan kashi 30 cikin 100.

Abin da ke ɓoye laifin dayis shi ne jinkiri. A karon farko fata na iya yin shiru har mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ƙaiƙayi ya fara, wurin ya kumbura, ƙuraje masu ruwa su fito suna bin sawun zanen fure da fure. Kafin lokacin biki ya watse, mai ƙunshi ta karɓi kuɗinta, sai a ɗora laifin a kan sabon sabulu, ko zafi, ko ma baki da kambun ido. Wata kuma za ta yi sau biyar lafiya lau, a na shida jikinta ya juya. A fata mai duhu ciwon kan warke ya bar tabo baƙi ko fari mai siffar zanen na tsawon watanni, ga mai jinin tabo mai tudu kuwa yana iya zama na dindindin.

Kuma jikin da ya riga ya ƙi PPD ba ya mantawa har abada. Duk ranar da mai shi ta rina gashi, martanin na iya fin na farko muni, fuska da fatar kai su kumbura. Yana iya shafar yadda jikinta ke karɓar wasu rinin tufafi, da baƙar roba, da wasu magungunan kashe zafin wuri. A Ingila wata mata ta rasu a 2012 bayan ta shafe fiye da shekara a sume sakamakon rinin gashi. A zaman binciken mutuwarta a 2015 an ji cewa ta yi zanen baƙin lalle a Dubai a 2007, kuma tun daga nan jikinta ya riƙa tsananta martani ga rinin. Gwada ɗan kaɗan a bayan kunne kafin a yi zane ba kariya ba ce a nan: martanin na iya jinkirta fiye da lokacin gwajin, kuma gwajin kansa na iya zama haɗuwar farko da za ta kunna borin.

Sudan, inda al'adar ƙunshi ke da zurfi kuma ake da dangantaka ta jini da ta fatauci da ƙasar Hausa, ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kai asibiti tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar haɗin lalle da PPD. 13 daga cikinsu suka mutu. Idan sinadarin ya shiga jiki da yawa, musamman ta hanyar haɗiya, wuya da harshe na kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya. Ƙullin dayis da aka bari a kan tabarma a gidan da yara ke rarrafe guba ne a buɗe.

Jarirai da jan lalle

Shi ma lalle na asali yana da iyakarsa. Akwai wani yanayi na gado da ake kira ƙarancin G6PD, inda jajayen ƙwayoyin jini ke saurin fashewa idan suka haɗu da wasu sinadarai, kuma lawson na cikinsu. Najeriya na cikin ƙasashen da wannan yanayi ya fi yawa a duniya, ya fi kuma bayyana a 'ya'ya maza, alhali yawancin iyaye ba su taɓa gwada 'ya'yansu ba. Likitoci a Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun rubuta labarin jariran da aka shafa wa lalle a jiki jininsu ya ƙare, idanunsu suka yi shawara, har da wanda ya mutu. Jariri da ƙaramin yaro ba su da buƙatar ƙunshi, ja ko baƙi.

Wa ke sa ido?

A takarda, kayan kwalliya suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma duk wanda za a shigo da shi ko a sayar a Najeriya dole ya sami rajista da lambarta. Kon ɗin da ba shi da wannan lamba, ba shi da jerin abubuwan da ke ciki, ba shi da ranar ƙarewar aiki ko adireshin wanda ya yi shi, ya saɓa ƙa'ida tun kafin a buɗe shi. Amma rajista kaya take bi, ba ta bin abin da ake yi da kayan. Rinin gashi na iya shigowa ƙasa da cikakkiyar takarda a matsayin rinin gashi, sa'an nan a zaure ko a ɗakin wata mai sana'a ya koma abin zane a hannun yarinya 'yar shekara takwas. A wannan gaɓar babu lasisi, babu horo na dole, babu mai dubawa. Ita kanta mai ƙunshin, wadda yatsunta ke cikin dayis kullum, ta fi kowa shan sinadarin, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa gaya mata.

Akwai kuma tambayar tattalin arziki da ba a cika yi ba. Lalle na tsiro a ƙasar Hausa har ana shinge da shi, amma kon ɗin da ke kanti daga wata nahiya yake zuwa. Garin Sojat na jihar Rajasthan a Indiya ya gina suna a kan tankaɗaɗɗen garin lalle har ya sami rajistar kariya ta sunan asali a 2021. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin kayan gadon ɗan Adam bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan da Muritaniya; Najeriya da Nijar ba sa ciki. Gari mai laushi, sabo, a rufe cikin leda mai hana iska da kwanan wata a jiki, ba fasaha ce mai wuyar samu ba. Rashinsa a kasuwar gida na cikin dalilan da ke tura masu sana'a ga dayis.

Kafin a miƙa hannu, alamomin da za a duba ba su da yawa. Kwaɓin lalle na gaskiya kore ne mai duhu ko ruwan ƙasa, yana ƙamshin ganye, kuma mai shi za ta iya faɗin duk abin da ta zuba da ranar da ta kwaɓa. Wanda yake baƙi tun a kon, ko yake warin sinadari, ko aka ce a wanke bayan rabin awa, ba lalle ba ne. Idan zane ya fara zafi ko ƙaiƙayi, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa. Idan ƙuraje suka fito, kada a fasa su, kada a shafa man goge baki ko toka. A je asibiti a gaya wa likita ainihin abin da aka shafa da ranar da aka shafa, domin akwai mayuka da ƙwayoyin da ke kwantar da borin idan an fara da wuri. Kumburin fuska ko harshe ko sarƙewar numfashi kuwa lamari ne na gaggawa da ba ya jiran safiya. A adana ledar ko kwalin, a ɗauki hoton ciwon da kwanan wata: da su ake shigar da ƙorafi a ofishin NAFDAC na jiha, ko a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, wadda dokar da ta kafa ta ta shafi ayyukan hidima kamar yadda ta shafi kaya.